Yadda A Ke Gane Inda Labari Ya Nufa Tun Ba A Kai Ƙarshensa Ba

Akwai wata al'ada da mu ke da ita a ɗakin kwananmu, wadda ba malamin da ya sa mu, ba kuwa wanda ya hana mu. In an tashi daga karatun dare, kafin a kashe fitila, sai ɗayanmu ya ɗauko littafin hira ya karanta wa sauran babi guda da ƙarfi. Da ya kai inda labari ya ɗauki zafi sai ya rufe littafin, ya ce, "To, me ku ke tsammani zai faru?" Daga nan fa gardama ta tashi, kowa ya kawo nasa, har wani lokaci a yi musu da rantse-rantse kamar a gaban alƙali. Kashegari da dare a buɗe littafi, a ga wanda ya ci.

Da aka daɗe ana yin haka, sai muka lura akwai mutum biyu cikinmu waɗanda da wuya su kuskure. Da fari muka zarge su da leƙen littafin da rana, sa'ad da mu ke aji. Suka rantse ba su taɓa ba, muka kuwa ɓoye littafin a akwatin wani don mu gwada su, ba abin da ya sake. Saboda haka muka tsare su da tambaya. Abin da suka gaya mana, da abin da muka ƙara ganewa da kanmu daga baya, shi ne mu ke so mu shimfiɗa a nan, gama muna gani zai amfani ko wane ɗayanmu ran da ya tsaya gaban yara da littafi a hannu.

In an tattara maganarsu, ba ta wuce abu guda ba. Mu muna bin abin da ya faru, watau an yi tafiya, an yi faɗa, an ɗaure wane, an saki wane. Su kuwa mutanen su ke bi, da abin da ke tsakaninsu, suna tambayar kansu wa ke bin wa bashi. Ba bashin kuɗi kaɗai ba. Akwai bashin jini, akwai na kunya, akwai na alheri da na alkawari. Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, mutanen cikin littafi ma ba su kuɓuta ba. Mai littafi kuwa ba ya ɓata takardarsa a banza. In ya sa wani ya cuci wani tun a shafin farko, ya san ranar da za a biya, ko da ya ke ya ɓoye mana ita. Waɗanda suka taɓa nahawu a zaure sun san mubtada'i ba ya zama shi kaɗai, ko an jima sai habarinsa ya zo. Haka mutumin da aka zalunta a farkon labari ya ke, a tsaye ya ke yana jira.

Bari mu gwada wannan da littattafan da kowa ya sani. A shekarar 1933 Hukumar Fassara ta Zariya, wadda Dokta Rupert East ke shugabanta, ta sa gasar rubuta ƙagaggun labaru da Hausa. Daga cikinta aka sami Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na wansa Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi wanda John Tafida ya rubuta tare da East kansa. Aka fara buga su daga 1934. Wani abin da ya kamata mu riƙa tunawa shi ne, an haifi Imam a 1911, Tafawa Ɓalewa kuwa a 1912, dukansu biyu sun yi karatu a Kwalejin Katsina, kuma malaman makarantar Midil ne sa'ad da suka yi wannan rubutu. Watau ba su girme mu da kome ba, aikin da mu ke koyo kuwa shi su ke yi.

Mu fara da Ruwan Bagaja. Tun ba a shiga labarin sosai ba Imam ya riga ya ba mu mabuɗi guda. Koje Sarkin Labari ya isa Kwantagora, ya tarad da Alhaji Imam zaune a gidansa cikin daula, Alhajin ne kuwa da bakinsa ya ke ba da labarin tafiyarsa. To, mutumin da ke zaune yana ba da labarin kansa ai bai mutu a hanya ba. Wannan magana a fili ta ke ƙwarai, amma duk da haka sau nawa muka ji wani cikinmu ya ce, "Yau kam Alhaji ya halaka," don an kama shi a wani gari? Mai karatu da hankali ba ya tambaya ko Alhaji zai tsira. Tambayarsa ita ce ta ƙaƙa zai tsira, kuma kan wa abin zai faɗa.

Sa'an nan sai mu duba basussukan da aka buɗe a farko. Saƙimu, agolan gidan, ya kashe Malam Na-Bakin-Kogi, uban Alhaji. Uwarsa Yaƙutatu ta auri Liman, a hannun Liman yaron ya tashi. Ɗan Sarki ya kwanta ciwo, Liman ya ce da za a sami ruwan Bagaja da ya warke, aka mai da maganarsa abin ba'a a fada, ya komo gida da baƙin ciki. A nan akwai wani wuri da yawancin masu karatu kan zame. In ka tambaye su me ya fid da Alhaji daga gida, sai su ce don ya warkad da ɗan Sarki. Amma me ya haɗa shi da ɗan Sarki? Ba ya binsa, ba a binsa. Abin da ya tashe shi kunyar da aka ba mutumin da ya goye shi ce. Wanda ya gane haka ya san ƙarshen littafin tun daga nan. Ba zai yiwu Alhaji ya sami dukiya a wata ƙasa ya zauna can ba, ko da an naɗa shi sarauta, gama kunyar da aka yi a garin nan, a garin nan za a wanke ta. Lalle sai ruwan ya zo inda aka yi dariyar. Haka kuwa aka yi, bayan ya shekara goma sha biyar yana yawo, har ƙasar aljannu.

Wanda ya fi ba mu wahala shi ne Malam Zurƙe ɗan Muhamman. Ku tuna yadda suka fara gamuwa. Alhaji ya sauka wani gari ya mai da kansa babban malami cikin mutanen da ba su san baƙi ba. Zurƙe ya zo don ya gwada shi a gaban jama'a. Alhaji ya zana wani abu lanƙwasasshe a ƙasa, ya ce a faɗi ko mene ne. Zurƙe ya yi ta kiran sunayen haruffan da suka yi kama da shi, Alhaji yana cewa a'a, daga bisani ya ce ai jinjirin wata ne. Jama'a suka goyi bayan Alhaji, aka kori Zurƙe da ihu. Mu duka mun yi dariya a daren da aka karanta wannan. Amma abokan nan namu biyu suka ce mu tsaya mu duba wa ke da gaskiya. Zurƙe ne mai gaskiya, shi ne kuwa ya sha kunya. Saboda haka suka ce ba shakka za mu sake ganinsa, kuma ba da alheri zai zo ba. Ya kuwa komo, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, yau wannan ya ka da wancan, gobe wancan ya rama.

Inda gardama ta yi tsanani shi ne yadda za su ƙare. Mafi yawanmu muka ce ɗaya zai ga bayan ɗaya, tun da ya ke ko wace ramuwa tana fin ta bayanta zafi. Su biyun nan suka ce sam, shiryawa za su yi. Muka ce ina dalili? Suka ce mu auna irin cutar da su ke yi wa juna. Duk abin da ke tsakaninsu wayo ne da ba da kunya da jawo wa juna duka, tushensa kuwa ba'a ce, ba jini ba. Bayan wannan kuma halinsu ɗaya ne, dukansu matafiya ne masu ci da bakinsu, kar ta san kar. In ka dube su da kyau sai ka ga sun fi kama da taubasai, ko Bafillace da Babarbare in sun haɗu a kasuwa, kowa na neman ya ga ya fi, amma in ɗaya ya ɓace ɗayan zai rasa abokin yi. Har wa yau, mai littafin kansa yana jin daɗin Zurƙe, ana ganewa daga yadda labari kan yi armashi duk sa'ad da ya ɓullo. Marubuci ba ya saurin kashe wanda ke ƙawata masa hira. Da muka kai wurin, sai ga shi sun shirya.

Saƙimu fa? Shi nasa dabam ne. An ambace shi a farko, sa'an nan aka yi shiru da shi tsawon tafiya, har waɗansunmu suka manta akwai shi a duniya. Da Alhaji ya yi kiciɓis da shi a wani gari sai suka ce abin ya zo musu ba zato. Ba kuwa abin da ya fi wannan zama tilas cikin littafin duka. Mai karatu ya manta, mai littafi bai manta ba. Kuma tun da ya ke bashin jini ne, ba mai tsammanin a ƙare shi da dariya da musafaha kamar na Zurƙe. Alhaji ya rama wa ubansa.

Kada wani ya ce wannan wani sabon ilmi ne da aka kawo mana. Tun muna ƙanana, a gindin kakanninmu, in aka ce wa Gizo kada ya taɓa abu kaza, ba yaron da ba ya sanin sai ya taɓa. Mun san kwaɗayinsa, mun san Ƙoƙi za ta sha wahalarsa, jira kawai mu ke yi mu ji yadda asirinsa zai tonu. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba a ke gane ta. Abin mamaki shi ne, yaron da ya iya wannan sarai a tatsuniya, da an ba shi littafi sai ya ajiye hankalinsa a ƙofar aji, ya shiga bin haruffa ɗai ɗai kamar mai tsintar tsaba.

To, da muka ga mun sami ma'auni sai girman kai ya kama mu. Muka ɗauko Shaihu Umar muna cewa wannan kam ba zai ba mu wuya ba. A nan ne muka sha ƙasa, har da gwanayen namu.

Farkonsa ya yi kama da na Ruwan Bagaja. Shaihu Umar yana zaune a Rauta, kusa da Bauci, almajiransa suka tambaye shi asalinsa, ya shiga ba su labari. Mun san ke nan ya rayu, ya zama malami. Ubansa ya rasu, uwarsa ta auri Makau, bafaden Sarkin Kagara. Aka kai hari ƙasar Gwari, 'yan'uwansa fadawa suka yi masa hassada, suka kai sararsa wai ya ɓoye waɗansu bayi, aka kore shi daga gari. Muka ce ga bashi an buɗe. Muka yanke cewa yaron nan zai girma, ya komo Kagara, ya tona asirin fadawan, a mai da wa Makau martabarsa. Muka yi ta jira har shafin ƙarshe, ba a koma kansu ba. Labari ya bi wata hanya. Makau ya nufi Maƙarfi, uwar ta tafi Fatika ganin iyayenta, aka sace yaron a bayanta, ya faɗa hannun masu bayi har Kano, daga can wani Balarabe, Abdulkarim, ya ƙetare hamada da shi zuwa Ber Kufa, inda ya yi karatu wurin Shaihu Mas'ud.

Ina kuskurenmu ya ke? Mun auna bashin, ba mu auna mai binsa ba. Alhaji Imam mutum ne wanda ba a taka shi ya ƙyale, tun daga muryarsa a ke jin haka. Shaihu Umar kuwa tun kalmominsa na farko muryar mai haƙuri ce, wanda ya mai da al'amarinsa ga Allah. Irin wannan mutum ba ya tafiyar shekaru don ya kunyata bafade. Da mun saurari mai ba da labarin da kyau, da mun gane littafin ba na ramuwa ba ne. Kuma da mun ƙidaya abin da ke ta maimaituwa, da mun ga ba kome ba ne sai rabuwa. Yaro ya rabu da uba, Makau ya rabu da garinsa, mata ta rabu da miji, uwa ta rabu da ɗa. Ko wane marubuci yana da irin tafiyarsa, cikin rubu'in farko na littafi kuwa ya kan nuna ta. Igiyar da ta ɗaure Shaihu Umar tun daga farko har ƙarshe ita ce ta uwa da ɗanta, mu kuwa muka bar ta muka kama ta fadawa.

Da muka komo kan hanya, sai wani cikinmu, wanda ba ya cikin gwanayen ma, ya kawo hujjar da ta fi ko wace kyau a duk kwanakin nan. Ana cikin karanta wahalar da uwar ta sha wajen neman ɗanta, yadda ta bar gida, ita ma ta faɗa cikin bauta, aka ƙetare hamada da ita. Muna ta musu ko za su gana. Sai ya ce, "Ku tsaya. Wa ke ba mu labarin nan? Umar ne. Yana nan sa'ad da abubuwan nan suka sami uwarsa? Ba ya nan. To, a bakin wa ya ji?" Ɗaki ya yi tsit. Ba wanda ya san tafiyar nan duka sai ita, saboda haka lalle sun sadu, ta kuwa sami lokacin da ta gaya masa. Wani kuma ya ƙara da cewa, in dai littafin nan bai sake hali ba, saduwar ba za ta daɗe ba. Duka biyu suka tabbata. Sun gana a can bayan hamada, ba ta jima ba ta rasu. A daren nan ba wanda ya yi murnar cin gardama.

Akwai magana guda da har yanzu ba mu daidaita a kanta ba, watau matsayin Abdulkarim. Waɗansu sun ce uba ne, gama ya riƙe yaron kamar ɗan cikinsa, ya sa shi a hanyar ilmi, ba don shi ba da ba a sami wani Shaihu Umar ba. Waɗansu suka ce a'a, a tuna ta hanyar da yaron ya zo hannunsa. Cinikin nan na bayi da ya kai Umar gidan alheri, shi ne ya kai uwarsa gidan wahala, kasuwa ɗaya ce, hanya ɗaya ce. A ganinmu duka biyu gaskiya ne, kuma mai littafin da gangan ya jera tafiyar ɗan da ta uwar don mu gwada su da kanmu, bai tsaya yi mana wa'azi ba. Mutum irin Abdulkarim ba ya shiga ma'aunin masoyi ko maƙiyi, wanda kuwa ya matsa sai ya tura shi cikin ɗaya, rabin littafin ya karanta.

Me ya sa muka damu da wannan, alhali ba jarrabawa a ke yi a kai ba? Domin mun je koyon koyarwa mun ga abin da ke faruwa. Yaro ya kan karanta shafi guda ba tuntuɓe, malami ya ce madalla. In ka rufe littafin ka ce masa wane ne wane ga wane, sai ya dube ka. Mun gwada dabarar ɗakin kwananmu a wani aji da aka ba mu. Muka rubuta sunayen mutanen Ruwan Bagaja a allo, muka ce yara su ja layi tsakanin duk biyun da wani abu ya haɗa, su faɗi ko mene ne. Sa'an nan muka karanta har inda aka kori Zurƙe, muka tsaya, muka tambaye su abin da zai biyo. Hannuwa suka tashi, har na waɗanda ba mu taɓa jin muryarsu ba. Sharaɗi guda muka kafa, duk wanda ya faɗi abu sai ya kawo dalilinsa daga cikin abin da aka riga aka karanta. Yaron da ya kuskure amma ya kawo hujja ya fi wanda ya dace da ka, gama ba duba mu ke koya musu ba. Wanda kuma ya riga ya san labarin, a roƙe shi ya kame bakinsa, ko a sa shi alƙalanci. Kada dai malami ya yawaita tsayawa, in ana katse hira ko wane layi sai ta gundure su, sau biyu ko uku cikin darasi ya isa.

Yanzu Jiki Magayi mu ke karantawa a ɗakinmu, ba kuwa za mu ɓata wa wanda bai karanta ba. Ga dai yadda aka kafa shi. Abubakar da Zainabu suna son juna. Wani attajiri, wanda ya daɗe yana neman haihuwa bai samu ba, ya shiga tsakani da dukiyarsa ya aure ta. Abubakar ya yi alwashin sai ya rama, ya bar gari neman abin da zai rama da shi. Zainabu kuwa ta haifa wa attajirin ɗa namiji, ana kiransa Kyauta. A nan muka rufe littafin. Waɗansunmu sun ce dukiyar attajirin za ta ƙone, waɗansu sun ce Zainabu za ta fita ta koma wa Abubakar. Gwanayen nan biyu ba su ce kome ba tukuna, sai dai ɗayansu ya tambaye mu, cikin duk abin da attajirin nan ya mallaka, wanne ne in an taɓa zai fi jin zafi. Wanda ya ga ya gano, ya rubuto wa Edita amsarsa da dalilinsa kafin fitowa ta gaba, da sharaɗin kada ya leƙa.